Kalma Goma Sha Biyar da Suna Biyu

A cocinsu na Chikaji, in gardama ta tashi kan shekarar da aka yi wa wance baftisma, ko wanda ya fara aza tubalin makarantar Lahadi, ba a buɗe littafin fasto, don gara ta riga ta ci rabinsa. Mama Salome ake tambaya. Za ta faɗa maka shekarar da ranar, ta ƙara maka da launin zanen da uwar yarinyar ta ɗaura, da wanda ya zo a makare. Ta haura tamanin, amma kanta garau, har matasa na tsoron yi mata alkawari.

Mijinta, Baba Jatau, shi ne abin tausayi. Bayan sun baro ƙauyensu na arewacin Zariya ya yi shekara talatin a kamfanin gurzar auduga, babu ƙusar injin da bai sani ba. Yanzu gigin tsufa ya share komai. Bai san 'ya'yansa ba, bai san hanyar banɗaki ba, wani lokaci har yakan tsaya yana gaida kansa a madubi. Abu ɗaya ya rage masa: in ta ce "Mai gida," sai ya waiwayo. Daga hannunta kaɗai yake cin abinci, ita kaɗai yake yarda ta yi masa wanka.

Wata Lahadi aka gabatar da baƙo bayan wa'azi, Dakta Callistus, daga wata cibiyar bincike a Samaru. Ya daɗe a Zariya, Hausarsa ba laifi. Ya ce akwai tsofaffin da suka wuce tamanin amma tuninsu irin na ɗan hamsin ne, kuma masu bincike da suka duba ƙwaƙwalwar irinsu sun tarar ƙwayoyin da ke wurin ajiyar tuni sun fi na sauran girma, ba su kuma sarƙe da dattin da ke kashe na masu gigi ba. Su ma suna neman irin waɗannan tsofaffi a nan, a yi musu tambayoyi, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, a gwada da ta masu ciwon. Tun kafin ya rufe baki duk coci ya juya yana kallon Salome. Da ya ji labarin mijinta kuwa, sai da ya taso ya zo har bencinsu. Mutum biyu, tuwo ɗaya, rijiya ɗaya, shekara sittin da huɗu, ɗaya ta riƙe komai ɗaya ya zubar. Ya ce irinsu yake nema.

Salome ba don kanta ta yarda ba. Ta ce, "In dai za ku gano abin da ya cinye kan mai gida, sai mu zo."

Ranar Talata aka aiko mota ta kai su Samaru. Aka shigar da ita wani ɗaki mai sanyi, aka zaunar da Jatau a kujerar gefe, don ya ƙi yarda a raba su. Mai yin tambayoyin wata budurwa ce, Nnenna, haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Tana da fara'a, har ta durƙusa wajen gaisuwa. Ta ajiye ƙaramar kwamfuta a gabanta da na'urar ɗaukar murya, ta ce za ta karanta kalmomi goma sha biyar, Mama ta riƙe su, an jima za ta tambaye ta. Ta karanta. Salome ta kwashe su tsaf ta adana, tana mamakin a ce wannan ne aikin da aka aiko mota dominsa.

"To Mama, kafin nan. Shekararki nawa?"

"An haife ni shekaran da aka kwashi maza zuwa yaƙin Bama."

Nnenna ta duba kwamfutar, ba ta ga gurbin yaƙin Bama ba, ta danna wani abu. Ta miƙo fensir ta ce a zana mata agogo, hannuwansa na nuna sha ɗaya da minti goma. Salome ta juya fensirin. Matar da ba ta taɓa makara zuwa coci ba, amma ba ta taɓa riƙe abin rubutu ba tun da aka haife ta. Ta ajiye shi a hankali.

"'Ya'yanki nawa?"

"Na Allah ne, 'yar nan. Ba a ƙirga su."

"To mene ne sunan ɗanki na fari?"

Salome ta kawar da kai ta dubi bango. Wace irin tambaya ce wannan? A inda ta taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko ɗaukarsa ba ta yi in da ido. Babba take ce masa, shi ma sai ta kama dole.

"Ba komai, Mama, kar ki damu. Sunan mijinki fa?"

Nan kam sai da kunya ta kama ta har wuya. Ga mutumin a zaune, gwiwarsa na taɓa tata, a ce ta buɗe baki ta kama sunansa gatsau kamar mai kiran ɗan aike? Ta ce a ranta yarinyar wasa take yi mata irin na jika da kaka, don haka ta yi dariya ta ce, "Ga shi nan ai. Tambaye shi."

Nnenna ba ta yi dariya ba. Ta dubi Jatau, ta dubi Salome, fuskarta ta cika da tausayi. Ta danna, kwamfutar ta yi ɗan ƙara, ta rufe ta. Ashe haka aka tsara abin: wanda ya faɗi a wannan sashe, ba a ci gaba da shi. Ta ce sun gama, an gode.

"Kalmomin fa?"

"A bar su, Mama. Ki huta."

Haka Salome ta koma Chikaji da kalmomi goma sha biyar da aka ba ta ajiya ba a karɓa ba.

Bayan mako biyu takarda ta fito. Ba ita aka ba ba, don an rubuta lambar ɗan fari a matsayin mai kula da su, sai aka tura masa a waya. Wannan ɗan fari shi ne Gabriel, ɗan shekara sittin da biyu, ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Kaduna. Ran Asabar ya iso, ya zauna a kujerar tsakar gida, ya sa tabarau ya karanta yana fassarawa. An ce ta kasa faɗin shekarunta, ta kasa nuna lokaci, ta kasa tuna na kusa da ita. An ce alamun gigi ne, a riƙa sa mata ido, kada a bar ta da ɗawainiyar wani mara lafiya.

Salome na zaune gefe tana tsince wake, ta ba shi rabin baya, yadda ta saba zama in yana nan. Ta ji kowace kalma. Ita ce ta kasa tuna na kusa da ita? Ita da ta san ranar da haƙorin mai karatun ya fara fitowa?

Gabriel ya cire tabarau ya ce, "Inna, abin ya zama haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Mun yi magana da Rifkatu. Ni zan ɗauki Baba zuwa Kaduna, a samo mai kula da shi. Ke kuma ki koma wurinta a Jos. Ba wanda ke da ɗakin mutum biyu a cikinmu. Asabar mai zuwa zan zo da mota."

Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tun bara yake son a tashi gidan nan, ya gaji da zirga-zirgar Kaduna da Zariya, ga takarda mai hatimi ta ba shi abin faɗa. Salome ta san haka sarai. Da Rifkatu ce, autarta, da ta wanke ta tas har sai ta yi kuka. Amma ɗan fari ba a sa-in-sa da shi, ba a ma haɗa ido. Sai ta yi magana da tiren wake.

"A faɗa ma mai takardan nan, mutumin nan ba ya cin abinci a hannun kowa. In aka kai shi inda ba ni, kwana bakwai ba zai yi ba."

"Zai saba, Inna."

"A faɗa mishi lafiyana lau."

"Duk masu ciwon haka suke cewa."

Ya tashi ya tafi. Ta bi bayansa da kallo, abin da ba ta yi sai in ya juya. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba. Da zaginta aka yi, da sauƙi. Amma yarinyar da ko kakarta Salome ta girma ta danna maɓalli, ta mai da tarbiyyar shekara tamanin ciwo, likita ya buga hatimi, ɗan cikinta kuma ya karanta ya ce amin.

Ran Laraba Gabriel zai koma cibiyar ya karɓi takardun uban. Ta ji yana faɗa a waya kafin ya tafi, ta riƙe. Da sassafe ta yi wa Jatau wanka, ta sa masa farar rigarsa ta zuwa coci, ta ja hannunsa suka fito titi. Ba ta jira motar kowa ba. Suka hau Keke Napep zuwa tasha, suka shiga bas ɗin Samaru, ta gane kwanar, ta gane ƙofar, ta wuce mai gadi kamar ita ta ɗauke shi aiki.

Ta tarar da su uku a ofis: Dakta Callistus, Nnenna, da Gabriel. Duk suka miƙe.

"Inna! Wa ya kawo ku?"

Ba ta dube shi ba. Ta zaunar da Jatau, ta tsaya a gaban teburin, ta dubi Nnenna ido cikin ido.

"'Yar nan, na kawo miki ajiyanki. Fitila, rago, kogi, allura, gishiri, keke, tabarma, zakara, makulli, albasa, tsani, bokiti, wata, takalmi, ƙararrawa. Ƙirga. In ɗaya ya ɓace ki faɗa."

Nnenna ta buɗe kwamfuta. Ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ta ɗago ta dubi likitan. Kwana ashirin da biyu ke nan, kuma sau ɗaya aka karanta mata.

"Ran nan kin sa riga ruwan ganye, maɓalli na biyu ya kusa cirewa. An kira ki a waya sau biyu, kin ce ma mai kiran kina aiki. Direban da ya ɗauko mu Tolulope ne sunanshi, ya ce matanshi ta haihu ran Juma'a. In ƙara?"

Dakta Callistus ya zagayo teburin, idanunsa na ƙyalli. Ya ce, "Mama, shekara uku muna neman irinki! Cikin mutum ɗari huɗu ba mu samu ba. To me ya faru ran nan? Me ya sa ba ki amsa ba?"

"Likita, shekaranka nawa a garin nan?"

"Ashirin da shida."

"Shekara ashirin da shida, ba ka taɓa jin cewa mace irina ba ta kiran sunan mijinta ba? Ba ta kiran na ɗan fari? Kuna son ku leƙa cikin kaina da inji ku ga ƙwayoyi, alhali abin da ke bakin ƙofa ba ku gani ba. Ɗari huɗun nan da kake faɗa, tsofaffi nawa kuka rubuta ma hauka don sun yi kunya?"

Likitan ya dubi kwamfutar da ke gaban Nnenna. Tambayoyin daga abokan aikinsu na ƙasar waje suka zo, aka fassara su kalma da kalma, aka yi taro uku a kansu, ba wanda ya tuna ya tambayi tsohuwa ko ɗaya.

Nnenna ta ce da ƙaramar murya, "Sori, Mama. Da kin faɗa mini."

"Kin tambaye ni? Kin ce in huta."

Salome ta nuna wayar da ke hannun Gabriel, ba tare da ta dubi mai riƙe da ita ba. "Yanzu a goge takardan can, a rubuta gaskiya."

Nan likitan ya fara sosa ƙeya. Ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma zai rubuta a gyara tambayoyin, amma wannan sai kwamiti ya zauna, wata uku ko huɗu. Sakamakon da ya riga ya shiga ba shi da ikon taɓawa. Hanya ɗaya ce: a sake gwajin yanzu, na'ura ta ɗauki amsa daga bakinta. Shekaru da agogo za a iya yi mata uzuri, tunda ba ta yi boko ba, yawan 'ya'ya ma ta nuna da yatsu. Sunayen nan biyu ne ba su da makawa.

"To ka faɗa ma wannan da bakinka cewa lafiyana lau. Ai ya ji."

Duk suka juya ga Gabriel. Kalma ɗaya ce tasa, a wuce wurin. Ya san al'adar, a cikinta aka haife shi. Amma ya tsaya yana kallon ƙeyar uwarsa, ƙeyar da ya fi sani fiye da fuskarta. Yana yaro ya ga tana goya ƙannensa tana yi musu waƙa, shi kuwa kakarsa ce ta raine shi. Ranar da ya ci jarrabawa maƙwabta suka yi guɗa, ita ta shige ɗaki. An sha gaya masa kunya ce, ba ƙi ba ne. Ya ji da kunne, amma abin bai taɓa sauka cikin zuciyarsa ba.

Ya ce, "Ni takarda na gani. In ta san sunan, ta faɗa."

Salome ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta gane ba motar Asabar kaɗai yake nufi ba. Tsoho mai furfura, mai jikoki, ya zaɓi wannan ranar, a gaban baƙi, ya karɓi abin da yake ganin an hana shi. Ta dubi Jatau. Yana zaune ya riƙe gefen mayafinta da hannu biyu, yana kallon fankar sama. Ta tuna yadda yake tofar da abinci in wani ya ba shi, ta hango shi a wani ɗaki a Kaduna yana waige-waige.

Ta ja kujera ta zauna. "Kunna abin."

Nnenna ta kunna na'urar. Ta ce, "Mama, sunan ɗanki na fari?"

A karon farko Salome ta juyo ta dubi ɗanta sosai, a gaban mutane. "Gabriel. Kafin baftisma Ɗanjuma. Na haife shi ran Juma'a da hantsi, a bayan rumbu, ni kaɗai, na yanke cibiya da kaina. Da ƙyanda ta kama shi yana shekara huɗu, kwana tara ina tsaye a bayan ɗakin kakanshi ina jin numfashinshi ta bango, don ba dama in shiga. Gabriel. An ji?"

Gabriel ya nemi kujera ya zauna. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

"Sunan... sunan mijinki, Mama?"

Wannan ya fi wuya. Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Shekara sittin da huɗu sunan na cikinta, ko a addu'a "bawanka mai gidana" take cewa. Ta runtse ido, ta faɗa da ƙarfi don kada a ce a maimaita.

"Jatau."

Nnenna ta danna. Kwamfutar ta buɗe sashe na gaba. Likitan ya sauke numfashi, ya fara cewa yau ɗin nan zai buga sabuwar takarda, gobe a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar, wannan babbar rana ce ga binciken. Gabriel, fuskarsa a rufe, ya ce a bar maganar mota, ba inda za a kai kowa.

Ba wanda ya lura da tsohon sai Salome. Jin sunansa ya sauko da idonsa daga fanka. Ya dube ta a tsanake, daga ɗankwali har ƙafa, da wani irin kallo na mai hankali wanda ta yi shekara biyu ba ta gani ba. Sannan ya saki mayafin, ya goge hannunsa a riga, ya ja kujerarsa baya.

"Wace ce wannan mara kunyan?" ya tambayi likitan. "Wa ya ba ta sunana?"

"Baba, matarka ce," in ji Nnenna.

"Ƙarya ne. Matana 'yar mutunci ce. Ba ta taɓa kama sunana ba."

Ya miƙe da kyar, ya taka zuwa bakin ƙofa, ya tsaya yana leƙen baranda hagu da dama. Likitan ya ce ba komai, haka ciwon yake, an jima zai manta. Wataƙila gaskiya ne. Salome ba ta ko dube shi ba. Ta tashi, ta gyara mayafinta, ta je ta tsaya kusa da mijinta, ta sassauta murya yadda take yi kowace safiya.

"Mai gida, taho mu je gida."

Bai waiwayo ba. Ya ɗan matsa gefe don ya ba ta hanya.

"Wuce abinki, baiwar Allah," ya ce. "Matana nake jira."